Ranar da Awakin Tasawa Suka Ba da Shaida a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi faɗa da ciyawa a Tasawa ba, ko da kuwa na manta da sunayen jikokina (kuma na fara mantawa, sun yi yawa). Ana ce mini tsufa na sanyaya zuciya. Tawa dai bai sanyaya ta ba. Har yau in na wuce ƙofar gidan wani mai hali na ga an shimfiɗa tsakuwa an jera furanni gefe da gefe, sai in yi tsaki in sauya hanya.

Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke mulkin ƙasar nan. Kowa gyaɗa: mai gona, mai jaki, mai awo, har limamin unguwa yana da 'yar gayaunarsa. Mu a Maijirgi gonar gado gare mu, yayana Idi ke riƙe da ita tun rasuwar Baba. Ni ne auta, kuma Allah bai haɗa jinina da hauya ba. Lakwal ma, wato makarantar boko, an kai ni, ban daɗe ba na tsere, na fito da "wi mushe" da "no mushe" da tabon bulala. Da wannan ɗan Faransancin na ga ai na fi ƙarfin noma. Na ɗaure 'yan tsummokarana na ce Tasawa za ni neman aikin albashi.

Yaya Idi bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Tahi, Auta. Kafin a cire gyaɗa kana nan."

Na rantse mishi, a gaban matarsa da maƙwabta, cewa in ya sake ganina a gonarsa to gaisuwa na zo. Rantsuwar nan ita ce duk dukiyar da na shiga Tasawa da ita.

Na samu aikin jardinye, wato mai kula da lambu, a gidan wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa. Nasaran da ya gina gidan ya koma ƙasarsu, ya bar wa magatakardansa kujera da gida da kuku da komai. Sunan magatakardan Mushe Alasan, ɗan ƙasa ne kamar kowa, sai dai ya yi lakwal har ya ƙoshi. Aka ba ni riga da gajeren wando na kaki, masu aljihu ko'ina. Ranar da na sa su sai da na zaga kasuwa kaf, ba don ina da abin saye ba.

Bala'in gidan nan hanya ce. Nasaran, don rashin abin yi, ya sa babbar mota ta kwaso jar tsakuwa daga can wani wuri mai nisa (mu ƙasarmu yashi ce, ko dutsen jifar kare sai ka nema), ya shimfiɗa ta tun daga ƙofar waje har bakin baranda. Gefe da gefe furanni, waɗanda ba a ci, ba a miya, ba a magani. Aikina in shayar da su safe da yamma, in kuma tabbata ko tsiro ɗaya bai fito cikin tsakuwar ba. Ku duba mini wannan hankali. Ka zuba ruwa a ƙasa, ka zuba taki, damina ta zo ta ƙara nata, sannan ka riƙe ƙugu kana mamakin ciyawa ta fito. To mi za ta yi? Ta tsaya can garin Mayahi sai an aika mata?

Kuma ba ciyawar kirki ba. Tsidau ne mai shimfiɗuwa kamar tabarma, da ƙarangiya, da jiji, wanda shi ne shugaban 'yan iskan. Jiji in ka ja shi sai ganyen ya tsinke a hannunka, jibi ka tarar ya dawo da ƙannensa. Ranar farko na ɗauko hauya (eh, hauyar da na gudo wa) in kankare su gaba ɗaya, sai ga Madam, matar Mushe, ta fito baranda da sauri.

"Jardinye, ajiye. Za ka cakuɗa mini tsakuwa da yashi. Da hannu ake cirewa."

"Madam, da hannu? Duk wannan?"

"Wanda ke nan kafin kai da ƙafa yake cirewa?"

Ni da na bar gona don kada in duƙa, ga ni ina rarrafe, gwiwa a kan tsakuwa, ƙaya a ƙarƙashin farce. A gona ko ba komai in ka gama kunya ka gama ta. Nan kuwa in fara daga ƙofa, kafin in kai baranda na ƙofar sun sake leƙowa.

Na ji an ce tafasasshen ruwa na kashe ciyawa har saiwa. Na je ɗakin girki wajen Baba Tanko, kukun gidan, wani tsoho mai baƙin ciki da ya yi wa Nasara girki tun yana da haƙora.

"Baba Tanko, a taimaka mini da murhu in tafasa ruwa."

"Shayi za ka yi wa ciyawar?"

"Kashe ta zan yi."

"Da itacen wa? Na gidanku da ke Maijirgi? Tahi ka tsuguna, ɗan ƙauye, abin da aka ɗauke ka yi ke nan."

Na saci tukunya ɗaya dai ranar da ya tafi cefane. Ta kashe wuri kamar faɗin faifai, ta kuma saɓule mini fatar ƙafa. Na gwada toka, ciyawa ta ɗauka taki ne ta yi godiya. Na shimfiɗa kara na kunna wuta, tsakuwa ta yi baƙi ƙirin, furannin gefe suka babbake, na wuni ina wanke duwatsu a ƙwarya kamar mai wankin gero, Madam na tsaye a kaina tana zagina da Faransanci. (Na gode Allah da ban daɗe a lakwal ba, rabin zagin ya wuce ni.)

Ana cikin haka bikin zagayowar ranar 'yancin kai ya matso, tsakiyar damina. Mushe Alasan ya shirya liyafa a gidan. Babban wakilin kamfanin, wani Nasara, zai zo daga Maraɗi da matarsa, ga manyan 'yan kasuwar gari, ga ma'aikata. Ya kira ni bakin baranda ya nuna hanya da leɓe.

"Ka ga wannan? Zamanin Nasara ko kore ɗaya ba a gani a kanta. So kake mutumin nan ya zo ya ce an ba baƙar fata gida ya mai da shi saura?"

"No mushe."

"To ka san yadda za ka yi. Ranar biki in na ga ciyawa ɗaya, ka tuɓe kakin nan ka ba Baba Tanko, ka koma inda ka fito."

"Wi mushe."

Inda na fito kuwa kun san wa ke zaune yana jira.

Ranar kasuwa na fita raina a ɓace, ina tafe ina zagin Nasaran da ya kawo duwatsu da wanda ya gaje su. Na bi ta layin masu kanwa, sai idona ya faɗa ƙasa. Ko'ina a kasuwa ciyawa ta yi kore shar, amma inda suke jibge buhunansu ƙasa fes take, fari fat, ko tsiro babu. Na tsaya kamar an yi mini wahayi. (Abin da idona ya ƙi gani shi ne shingen ƙayar da suka kewaye wurin da shi, da doguwar sandar da kowane mai kanwa ke riƙe da ita. Ban tambayi kaina sandar ta dukan wa ce ba.)

Na ce da wani dattijo ya auna mini mai arha.

"Ta miya ko ta dabbobi?"

"Wacce ta fi ƙarfi?"

"Ta dabbobi. Bisashe nawa gare ka, samari?"

"Ba ruwanka, Baba. Cika buhu."

Kun ji fa, da bakinsa ya faɗa mini sunanta. Ta dabbobi. Ni da tun ina ƙarami nake jiƙa wa tumakin gidanmu kanwa a kwatarniya, ina ganin yadda suke ture juna a kanta, balle da damina in sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Duk wannan ya fice daga kaina, don ina sanye da kaki.

Na daka ta a turmin gidan da nake kwana. Na shigo da ita da tsakar rana, lokacin da duk gidan Mushe ke barcin da suka gada wajen Nasara. Rabi na jiƙa a ganga na bi hanya ina kwarara mata, na ɗiba daga sauran garin na barbaɗa a kai na bi da tsintsiya. Sama ta taimake ni, kwanakin ba a yi ruwa ba. Kafin biki tsidau ya yi baƙi ya naɗe, ƙarangiya ta kwanta, jiji da kansa ya yi rawaya ya sunkuyar da kai. Na share gawarwakin na zubar. Tsakuwa ta yi wani fari-fari kamar an shafa mata hoda.

Madam ta taka tun daga baranda har ƙofa tana duba ƙasa. Ta ce, "Jardinye, ashe kana da kai." Baba Tanko ya tambaye ni mi na zuba, na ce asiri ne na gidanmu, ba a faɗa wa kuku.

A nan ne girman kai ya ƙarasa ni. Na aika wa Yaya Idi saƙo ta bakin wani mai jaki, na ce ya zo Tasawa ranar biki ya ga inda ƙanensa ke aiki, ya ga Nasara na taka hanyar da na gyara. Ba wanda ya sa ni. Da bakina na gayyato shi.

Ranar biki da hantsi aka yi ɗan yayyafi, bai isa ya wanke komai ba, sai dai ya jiƙa kanwar ya tayar da warinta. Ni ban ji komai ba, hancina ya saba. Na ƙara barbaɗa gari inda ya yi duhu, na goge hannu a wando. 'Yan dunƙulen da suka rage na cusa su a aljihu don kada Baba Tanko ya gani.

Bayan la'asar aka wangale ƙofa saboda baƙi. Suka fara shigowa, manyan riguna na jan ƙasa, baƙaƙen takalma na ƙyalli, kowa ya bi ta hanyata, kowa ya kwashi rabonsa na farin gari a ƙafa da bakin riga. Mutanen gari sun taru a waje suna kallo. Na hango Yaya Idi cikinsu da malfarsa, riƙe da igiyar jakinsa. Na ƙame a gefen hanya kamar soja, na saɓa rato a kafaɗa, abin jan sharar nan mai haƙora.

Wanda bai zauna garuruwanmu ba, bari in gaya mishi. Da damina ba a barin dabba ta yi yawo saboda gonaki. Da safe kowane gida ya kora nasa wa makiyayin gari, ya tafi da su daji, da yamma ya dawo da su garke guda, daga nan kowace ta kama hanyar gidansu da kanta. Makiyayin lokacin wani Bahillace ne mai suna Ja'e, hanyar da yake shigowa da su kuwa ta ƙofar gidan Mushe ta bi. Kullum suna wucewa, kullum ƙofa a rufe. Na ma lura kwanakin nan suna tsayawa suna cusa hanci a ƙarƙashinta, na ce a raina furanni suke kwaɗayi.

Motar Nasaran Maraɗi ta tsaya a waje, ya fito da matarsa, Mushe ya tare su. Suka taho a hankali har tsakiyar hanya, Mushe na nuna musu lambu da hannu kamar shi ya tsuguna. Daidai nan garken ya iso.

Wata jar akuya ce ta fara. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta shigo kamar an ba ta goron gayyata. Ta sa harshe a tsakuwa. Ban san da wane yare ta gaya wa sauran ba. Kafin in sauke rato daga kafaɗa, awaki da tumakin Tasawa kaf suna cikin gidan, har da 'yan shanun da ke biye. Furanni ko kallo ba su ishe su ba, tattake su kawai suka yi. Hanya suka rufar wa, suna lasa, suna taunar tsakuwa, kana jin ƙaras-ƙaras. Waɗanda ba su samu wuri ba suka bi takalman baƙi. Wani babban ɗan kasuwa ya haye kujera, tunkiya na cin bakin rigarsa. Matar Nasara ta tsaya cak ta rufe ido, maraƙi na lasar ƙafarta. Wani bunsuru ya bi sawun masu hidima har baranda, ya tarar da teburin abinci, ya ga ai ba laifi ya haɗa biyu.

Mushe Alasan ya juyo. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi toka-toka haka ba.

"Jardinye. Mi ka zuba a hanyar nan?"

Da ina da hankali da a nan na faɗi gaskiya, a kore ni da sauran mutuncina. Amma Yaya Idi na kallo. Na ƙara ƙamewa na ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "Ban zuba komai ba, mushe. Da hannu na cire. Ƙila wani maƙiyi ne ya yi mana ture." Har na ɗan waiga wajen Baba Tanko.

Ban rufe baki ba jar akuyar nan ta bar tsakuwa ta taho wajena. Ta shinshina gwiwata. Ta kama bakin wandona. Sai ga wata, sai ga wata. Kakin nan ya sha ruwan kanwa kwana da kwanaki ban wanke shi ba, ga aljihu cike da dunƙule. Suka yi mini zobe. Ɗaya ta dafa ƙirjina da ƙafafun gaba tana cusa baki a aljihun riga. Wata saniya ta zo ta baya ta lashe ni tun daga ƙeya har tsakar kai, da harshen nan nata mai kamar magagari. Ina juyi da rato ina tsawa, sai na ji ƙarar yagewa. Aljihun wando ya tafi, ya kuma tafi da rabin wandon. Kanwa ta zubo ƙasa a gaban Mushe, a gaban Nasara da matarsa, a gaban mutanen Tasawa.

Ja'e ya shigo da sandarsa a kafaɗa, bai ko yi sauri ba. Ya tsuguna ya ɗauki dunƙule ɗaya ya ɗanɗana.

"Kaɗo, kai ne mai sadakar? Allah shi biya. Tun farkon damina nake roƙon masu dabbobin nan su sayo kanwa, sun ƙi."

"Kore su, don Allah."

"In kore su daga kanwa? Kai dai ka yi musu magana, na ga sun san ka."

Na waje suka fashe da dariya. Nasaran ma dariya yake har yana share hawaye, kuma na tabbata wannan ta fi ƙona Mushe a kan furanni da abinci duka. Sai da masu dabbobi suka zo da kansu, mata da tsofaffi, kowa na jan tasa da igiya tana tirjewa. Wata tsohuwa ta tsaya ta nuna ni da yatsa, ta ce in akuyarta ta haɗiyi dutse ta mutu har gaban sarki sai ta kai ni. Ni ina tsaye, hannu ɗaya riƙe da rato, ɗaya riƙe da abin da ya rage na wando.

Mushe bai zage ni ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya ce da Baba Tanko, ba tare da ya dube ni ba, "Karɓi kakin." Tsohon ya biyo ni bayan gida, ya tsaya har na tuɓe na sa tsummokarana. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu ya leƙo ni ta cikin ɓarakar.

"Asirin gidanku na da ƙarfi, ɗan ƙauye."

Yaya Idi na jira a waje. Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu abin yi wa faɗa.

"Auta, hanyar ta yi kyau ƙwarai. Na gani kafin su shigo."

Ya ja igiyar jakinsa, ya ƙara da cewa:

"Gobe muna maimai a gonar gyaɗa. In gaisuwar za ka zo, ka zo da sassafe, kafin rana ta yi zafi."

Yana kan jaki ina biye a ƙasa har Maijirgi. Labari ya riga mu isa. Tun daga bakin gari aka raɗa mini Mai Kanwa, kuma sunan ya zauna. Matata ma, da na aura daga baya, da shi ta fara sanina, kuma in muka yi faɗa har yau da shi take rufe magana.

Amma abin da ke tafasa mini zuciya ba korar ba ce, ba sunan ba ne. Baba Tanko ya kawo wani ƙanen matarsa daga Baudeta ya sa kakin (an yi wa wandon faci). Ruwa ya wanke kanwa, damina ta gaba ciyawa ta dawo kamar ba a taɓa yi mata komai ba. Bayan shekaru masu yawa na haɗu da mutumin nan a wajen wani suna. Ya yi tumbi, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, duk a aikin nan, an sauya masu gida har ya daina ƙirga su, shi yana nan. Na danne zuciyata na matsa kusa da shi, na tambaye shi yadda ya yi ya gama da ciyawar hanyar nan. Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci.

"In gama da ita? Saman nake tsinkewa in bar mata saiwa. In ta mutu, mi za su ajiye ni in yi?"

Na tashi na bar mishi wurin, ko goron sunan ban karɓa ba.

Abin da na koya, a makare, shi ne kafin ka tashi kashe abu a gidan aiki, ka tsaya ka duba ko shi ke ba ka tuwo. Ni ban duba ba. Shi ya sa na ƙare ƙuruciyata a duƙe cikin gonar Yaya Idi, inda ciyawa ta ninka ta Tasawa yawa, kuma ba ta biyan kowa albashi.